Wasannin gida irin su Mario da Zelda sun isa su sayar da sabuwar na'ura?

Sadiq_64:
Assalamu alaikum jama'a. Ga magana, wanda bai yarda ba ya zo mu yi. Switch 2, na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, Nintendo suka ce sun sayar da fiye da miliyan 3.5 a kwana huɗun farko. Da me ta fito? Mario Kart World. Na'ura dala 450, wasan kuma dala 80 in ba a haɗe ka saye su ba, amma mutane suka yi ta layi. Ni a wurina magana ta ƙare: duk kamfanin da yake da wasanninsa na gida waɗanda mutane suka tashi da su tun yarinta, irin su Mario, Zelda da Pokemon, to duk na'urar da ya ƙera sai ta sayu. Ba ƙarfin inji mutane suke biya ba, wasa suke biya. Akwai mai ja?

Habu_PES:
Wa alaikumus salam. Akwai. Wii U.

Sadiq_64:
Haba Malam Habu, ka jefo suna ka gudu? Zo ka yi bayani.

Malam_Lissafi:
Bari in ɗauke masa. Wii U ta fito a Nuwamba 2012, kuma babu abin da Nintendo suka hana ta. Ranar fitowarta akwai New Super Mario Bros. U. A 2013 aka kawo Super Mario 3D World. A 2014 ga Donkey Kong, ga Mario Kart 8, ga Super Smash Bros. Waɗannan ba wasannin cike gurbi ba ne, masu sharhi sun yaba musu ƙwarai. Amma duk tsawon rayuwarta miliyan 13.56 aka sayar, alhali Wii da ta gada ta haura miliyan 101.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne Mario Kart 8 ɗin. A kan Wii U ya sayu miliyan 8.46, wato a cikin mutum goma masu na'urar, shida sun saye shi. Wanda ya riga ya shigo gida ya saya, amma wasan bai jawo na waje ba. A 2017 aka ɗauki wannan wasan, aka ɗan ƙara masa kaya, aka sa masa Deluxe, aka ɗora a Switch, ya wuce miliyan 60. Wasa ɗaya ne, Marion nan ne dai, motocin nan ne dai. To wa ya ɗauki wani, wasan ko na'urar?

Ummi_Hyrule:
Malam_Lissafi, ka kawo lissafin da ya yi maka daɗi ka bar ɗayan. A watan Maris 2017 da Switch ta fito, Nintendo sun sayar da na'ura miliyan 2.74, amma Zelda Breath of the Wild na Switch ya sayu miliyan 2.76. Wasan ya fi na'urar da ake buga shi a kai sayuwa! Ni kaina ina ciki, ko da yake sai daga baya na samu tawa. Ban san komai game da Switch ba, bidiyon Link, jarumin wasan, na gani yana hawa dutse yana sauka da lema, na ce ko me ake buga wannan a kai sai na mallake shi. Da a ce a kan firji yake fitowa, firjin zan saya.

Yaro_Mai_Pad:
Anti Ummi ta yaya wasa zai fi na'ura yawa? Wanda ba shi da na'urar me zai yi da kaset?

Ummi_Hyrule:
Na'urar ta yi ƙaranci a shaguna a lokacin, sai wasu suka sayi kaset suka ajiye suna jira. Wasu kuma masu tara kaya ne, su sayi na musamman su bar shi a kwali, su sayi na biyu su buga.

Malam_Lissafi:
Hajiya, ba na musun Zelda ya taimaka. Amma ki tuna wannan Zeldan ya fito a Wii U ma, a rana ɗaya. Bai tashe ta daga kabari ba.

Ummi_Hyrule:
Ai an riga an daina ƙera ta kafin ranar. Gawa kake so ya tasa?

Injiniya_Nura:
Matsalar Wii U ba ta wasanni ba ce, mutane ne ba su gane mece ce ita ba. Da aka fara nuna ta a 2011, abin riƙewa mai allon nan aka yi ta haskawa, akwatin kansa da ƙyar aka gan shi. Ga sunan kusan ɗaya da na Wii. Iyaye da yawa sun ɗauka wani ƙarin kaya ne da ake jonawa da Wii ɗin da ke falonsu, suka ce ba sa buƙata. Sannan bayan fitowarta aka shafe watanni babu wani babban wasa, kamfanonin waje kuma suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Ku kwatanta da Switch. Bidiyon minti uku suka saki a Oktoba 2016: mutum yana buga wasa a talabijin, ya zare na'urar, ya fita da ita, wasan bai tsaya ba. Ko wanda bai taɓa riƙe gem ba ya gane. Kuma farashin kusan ɗaya ne, ƙaramar Wii U dala 300, Switch dala 300. Saboda haka ni ina ganin sai na'urar ta fara amsa tambayar "me zan yi da ke", sannan Mario ya zo ya ƙarasa cinikin.

MaiGidanGem_Fagge:
Ku dai kuna ta maganar Japan da Amurka. Ni bari in faɗa muku abin da nake gani da idona. Tun zamanin PS2 (PlayStation 2 ta Sony) nake wannan sana'a ta gidan gem. Yaro bai taɓa shigowa shagona ya ce a sa masa Mario ba. Ƙwallo ce. In ba ƙwallo ba, Mortal Kombat ko GTA San Andreas, sai jefi-jefi wani ya ce God of War. A cikin waɗannan huɗun, ɗaya ne kaɗai na Sony.

Kuma kun san lokacin da muke canza na'ura? Ba ranar da sabuwa ta fito ba, ranar da ƙwallo ta daina zuwa wa tsohuwar. PS2 ta samu wasannin ƙwallo FIFA 14 da PES 2014, wato har shekarar da PS4 ta fito ana yi mata sabuwar ƙwallo. Bayan nan ma masu gyaran faifai suka ci gaba da sabunta mana 'yan wasa da riguna, shi ya sa ta daɗe a unguwanni. PS3 kuma ta tsaya a FIFA 19. Da yara suka fara ƙorafin ɗan wasa ya koma wata ƙungiya amma a gem yana tsohuwar, dole ka nemo PS4 ko su koma shagon gaba. Wannan shi ne abin da ke fitar da kuɗi daga aljihuna, ba Kratos na God of War ba.

Habu_PES:
Oga ya gama magana. A rufe zaure.

Sadiq_64:
Oga MaiGidanGem, da girmamawa, kasuwarka daban ce. Kai haya kake bayarwa, wasan minti goma na mutum biyu kake nema. Ba wanda zai biya kuɗin wasa ɗaya ya zauna buga Zelda mai cin awa hamsin. Ina maganar wanda zai saya ya kai gida.

MaiGidanGem_Fagge:
Wanda zai kai gidan ma a wurina ya koyi gem, ƙanena. In ya yi kuɗi PlayStation zai saya, don ita hannunsa ya saba da ita, kuma abokansa ita suke da ita. Abin kamar mai shayi ne: tsofaffin kwastomomi hannunsa suke bi duk inda ya koma, amma baƙo inda ya ga mutane a zaune yake tsayawa.

Kawu_Sega:
Yara ku matsa in zauna. Tun da aka ambaci ƙwallo, dole in tuna muku Dreamcast. Ta fito a Japan a 1998, a Amurka ranar 9 ga Satumba 1999. Sega sun zuba mata duk abin da suke da shi: Sonic Adventure, Crazy Taxi, Shenmue, Jet Set Radio, Virtua Tennis. Har yau in ka tambayi waɗanda suka riƙe ta za su ce maka ba a yi na'ura mai daɗin wasanni kamarta ba. Amma EA, kamfanin da ke yin FIFA a lokacin, suka ƙi yi mata ko wasa ɗaya, babu FIFA, babu Madden da Amurkawa suke so. Ga PS2 tana tafe da alƙawarin kallon DVD. A farkon 2001 Sega suka sanar sun bar ƙera na'ura, bayan sayar da wajen miliyan 9. Sonic yana nan, bai cece su ba. Ƙarshe ma sai ga shi a kan na'urar Nintendo, abin da in ka faɗa mana a 1993 za mu ce ka sha wani abu.

Amma ga abin da nake so ku lura da shi. Sonic ya taɓa sayar da na'ura, a 1991, lokacin da aka haɗa shi da na'urar Sega ta Mega Drive. A lokacin sabo ne, ba wanda ya san shi. Halo da ya tsayar da Xbox da ƙafarta a 2001 sabo ne. Wii Sports da ya shigar da Wii gidajen tsofaffi a 2006 sabo ne. Sau da yawa abin da ke jawo mutanen da ba sa cikin harkar shi ne abin da ba su taɓa gani ba. Tsohon suna yana riƙe masoya, amma masoyan ba su kai yawan da kuke zato ba.

Ummi_Hyrule:
Kawu, wannan na yarda da rabinsa. Breath of the Wild sunansa ne tsoho, amma wasan kansa sabon abu ne, bai yi kama da Zeldan da suka gabace shi ba. Wataƙila abin da ke aiki shi ne tsohon suna da sabuwar dabara a tare.

Abba_Xbox:
Tun da Kawu ya taɓo Halo, bari mu da muke gidan makoki mu yi magana. Halo 3 a 2007 ya tara dala miliyan 170 a rana ɗaya a Amurka, kuma ya sayar da Xbox 360 ba kaɗan ba. Sai 2013 ta zo. Xbox One dala 499 saboda an tilasta maka kyamarar Kinect, PS4 dala 399, ga surutun da aka yi kan hana musayar faifai wanda suka janye daga baya. Mutane suka tafi. Halo 5 ya zo a 2015, Gears ya zo, Forza yana fita kusan duk shekara, ba su dawo da su ba. PS4 ta kai miliyan 117.

A 2020 kuma Xbox Series X ta fito babu Halo Infinite, an ɗaga shi sai Disamba 2021. Amma ni a ganina ba jinkirin ne ya fi yin illa ba. Duk wasan Xbox yana fita a kwamfuta rana ɗaya. To don me zan sayi akwatin? Yanzu ma Forza Horizon 5 yana PS5, Gears of War yana PS5, har Halo an sanar a 2025 cewa zai je. Microsoft sun biya kusan dala biliyan 69 sun sayi Activision, amma Call of Duty yana nan a PlayStation. Wasan gida ba ya sayar da na'ura sai in babu wata ƙofa da za ka same shi. Nintendo sun gane wannan, shi ya sa ba za ka taɓa ganin Mario Kart na gaske a PlayStation ba.

Injiniya_Nura:
Sony ma ai sun kai nasu kwamfuta. Horizon a 2020, God of War da Spider-Man a 2022.

Abba_Xbox:
Bayan shekara nawa? God of War 2018 ya fito, sai da ya shekara kusan huɗu. Wanda ya ƙagu ya riga ya sayi na'urar. Ba ɗaya ba ne da sakin wasa ko'ina a rana ɗaya.

Dan_Maradi:
Sannunku da hira. Mu nan in ka juya dala 450 zuwa sefa, ka ɗora kuɗin hanya da ribar ɗan kasuwa, za ka ga kuɗin babur ɗan gwanjo ne. Ba wanda na sani da yake jiran ranar fitowar na'ura. Muna sayen ta hannu bayan shekara uku ko huɗu, sannan ka nemi wanda zai zuba maka wasanni. Ƙannena kuwa duk a waya suke, eFootball da Free Fire. In ka ce musu Zelda za su ɗauka sunan yarinya ne.

Yaro_Mai_Pad:
Ai sunan yarinyar ne 😂 Link ne namijin.

Habu_PES:
Ni dai tun da aka mayar da PES eFootball a 2021 ban ƙara jin daɗin duniya ba. PES 2013 har gobe.

MaiGidanGem_Fagge:
PES 6 dai. Adriano in ya saki ƙafar hagu mai tsaron gida sai addu'a.

Admin_Bashir:
Jama'a a dawo kan tambayar Sadiq. Mai son gardamar PES da FIFA ya buɗe nasa zaren, mun san inda take ƙarewa.

Malam_Lissafi:
Na gode Admin. Sadiq, ga jerin da nake so ka duba, duk na'urorin falo na Nintendo ne, kuma kowacce ta samu Mario da Zelda. NES wajen miliyan 62. Super Nintendo 49. Nintendo 64 kusan 33. GameCube kusan 22. Wii 101. Wii U 13 da rabi. Switch ta haura 150. In da Mario ne yake yanke hukunci, da lambobin nan sun yi kusa da juna. Amma ka ga sauka tun daga 62 har 22, sai tsalle, sai faɗuwa, sai tsalle. Abin da yake canzawa ba Mario ba ne.

Nintendo 64 ma ta isa misali. Ta samu Super Mario 64 a 1996 da Ocarina of Time a 1998, wasanni biyu da har yau ake sa su cikin mafi kyau da aka taɓa yi. PlayStation ta farko ta ninka ta sau uku. Dalili? Nintendo sun nace wa kaset, mai tsadar bugawa kuma mai ƙaramin ciki, Sony suka zo da faifan CD. Square suka ɗauke Final Fantasy VII suka kai wa Sony a 1997, sauran kamfanoni suka bi.

Ummi_Hyrule:
To juya tambayar, Malam. Cire Mario, Zelda da Smash daga Wii U, miliyan nawa za ta sayar? Ko daga GameCube? Ni ina ganin waɗannan miliyan 13 ɗin su ne mutanen da za su bi Nintendo ko ina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sega ba su da irin wannan jama'ar da yawa, shi ya sa faɗuwar na'urori biyu a jere ta fitar da su. Nintendo sun faɗi, amma suna da abin da ya riƙe su har suka sake gwadawa.

Kawu_Sega:
'Yata, na'urarsu ta hannu 3DS da kuɗin da suka tara a zamanin Wii da DS ne suka riƙe su. Amma na ji abin da kike nufi, kuma ya yi min ciwo.

Injiniya_Nura:
3DS ɗin ma darasi ce. Ta fito a farkon 2011 a dala 250, babu Mario, kasuwa ta yi sanyi. A watan Agusta suka sare farashin zuwa 170, shugaban kamfanin Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa, waɗanda suka saya da tsada aka ba su wasanni 20 kyauta don a ba su haƙuri. Sai Super Mario 3D Land ya zo a Nuwamba, Mario Kart 7 a Disamba. Daga nan ta miƙe har ta kai kusan miliyan 76. Yanzu wa zai ce farashin ne ko Marion ne? Sun zo a tare, ba yadda za ka raba su.

Sadiq_64:
Ni zan ce Mario ne. Rage farashin abin da ba shi da wasa ba ya sa a saya. Kuma ku tuna Game Boy ta 1989 ta tsufa tukuf, Pokemon ya zo a 1996 ya dawo da ita.

Malam_Lissafi:
Pokemon a 1996 sabo ne, ka koma kan maganar Kawu ke nan. Kuma ba na Nintendo ba ne su kaɗai, Game Freak ne suke yin sa, mallakarsa kuma su uku ne da Creatures.

Sadiq_64:
Amma a na'urar wa yake fita? To shi ke nan.

Maman_Iman:
Ni ba 'yar gem ba ce sosai, ina karatu ne a Ingila lokacin kullen korona. Animal Crossing ya fito a Maris 2020, ana cikin zaman gida, duk wanda na sani yana maganar tsibirinsa. Na nemi Switch a shaguna babu, sai da na jira. Saboda wasan na saya, ba na musu. Amma da ba a kulle muke ba, ban jin zan waiwaye shi. Yanzu yara ne suka gaje ta, Mario Kart suke yi, kuma sun fara min maganar Switch 2. Na ce su jira, ta gidan ba ta lalace ba.

Malam_Lissafi:
Shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2021 Switch ta sayu miliyan 28.83, ita ce shekararta mafi kyau. Maganarki ta ƙarshe kuma ita ce abin da ya kamata Nintendo su ji tsoro, Hajiya. Mutum miliyan 60 da wani abu suna da Mario Kart a gida. Sai an gamsar da su cewa sabon, haɗe da na'urarsa, ya cancanci dala 500.

Sadiq, game da miliyan 3.5 ɗinka: kwanakin farko na masoya ne, ba sa nuna komai sosai. Wii U ma ta sayar da miliyan 3.06 kafin ƙarshen Disamba 2012. Daga Afrilu zuwa Yuni 2013, dubu 160 kacal ta sayar a duk duniya.

Sadiq_64:
Waccan sati shida ta ɗauka, wannan kwana huɗu. Kuma Donkey Kong Bananza ya biyo baya a Yuli, ba a bar ta da yunwa ba kamar Wii U. Sannan tana buga kusan duk wasannin tsohuwar Switch. Ba a haɗa su.

Abba_Xbox:
Duk ku jira GTA VI. Ranar da ya fito za ku ga PS5 nawa za a kwasa, kuma ba na Sony ba ne. A PS2 ma San Andreas ne ya fi kowane wasa sayuwa, ya wuce Gran Turismo.

Ummi_Hyrule:
Sony da Nintendo ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Jerin wasannin da suka fi sayuwa a Switch kusan duk na gida ne, na PlayStation kuwa cike yake da Call of Duty da FIFA da GTA. Amsar tambayar Sadiq ta danganta da kamfanin da ake magana a kai.

Dan_Maradi:
Oga MaiGidanGem, wai wasan ƙwallon FC 26 na Switch 2 cikakke ne ko irin wanda ake yi wa tsohuwar Switch a da, a canza riguna kawai? Wani ɗan'uwana zai zo daga Faransa, ina tunanin abin da zan ce ya riƙo min.

MaiGidanGem_Fagge:
Ka ce ya riƙo maka PS5 mai cin faifai, da pad biyu. In ta samu matsala akwai mai gyara a kusa, in ka gaji da ita akwai mai saye. Switch 2 in analog ɗinta ya fara ja gefe, wa zai buɗe maka ita a Maraɗi?

Habu_PES:
Pad uku. Ɗaya zai mutu kafin Sallah.